Mutumin da Ya Zo Kama Ni Bai Taɓa Ni Ba

Ni haifaffen unguwar Alsawra ne a Omdurman, jikan alhazan da suka taso za su Makka suka yada zango a nan, har zangon ya zama gida. Kafin in lalace dako nake yi a kasuwa, ga ƙirar ƙarfi ga saurin ƙafa. Samari, ku saurare ni. Ba sata ce ta kai ni gidan yari ba, son a ji tsorona ne.

A unguwarmu akwai wani dattijo, Baba Idirisu. Damin ne, wato mai tsaya wa mutane beli. Kotu ta san shi, ta san gidansa, ta yarda da maganarsa. In aka kama ɗan Bahaushe shi ake kira. Da ciwon ƙafa ya matsa masa, sai ya ɗauke ni in riƙa tuna wa mutane ranar kotunsu, in kuma nemo wanda ya ƙi zuwa.

Ya daɗe yana yawo da ni kafin ya bar ni in tafi ni kaɗai, kuma yadda yake aikin haushi yake ba ni. Mutum ya guje wa kotu, ya jefa Baba cikin haɗari, amma sai Baba ya yi sallama daga waje, ya jira a shimfiɗa masa tabarma, ya tambayi lafiyar yara, ya sha shayi. Sannan ya ce, "Alƙali na jiranka, ni ma ina jiranka." Ya tashi abinsa. Sai ka ga mutum ya sa takalmi ya biyo shi.

"Ɗana," in ji shi, "mu ba hukuma ba ne. Kama mutum aikin ɗan sanda ne, shi aka horar, shi aka ba izini. Namu baki ne da ƙafa. In ya ƙi, ka dawo mu gaya musu. Kada ka sa wa kowa hannu."

Na ce to, a raina kuwa na ce tsufa ne.

Da kalma ɗaya abin ya fara. Wani saurayi yana ja mini rai, sai na haɗe fuska na ce masa ni mabahis ne, ɗan sandan ciki. Nan take ya biyo ni. Wallahi daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba. Bayan haka na sayi baƙin tabarau, na kuma samo tsohuwar ankwa a wurin masu gwangwan. In na shiga lungu hira takan mutu. Baba bai sani ba, yana ta sa mini albarka.

Sai maganar Usman ta zo. Mai gyaran raksha ne, babur mai ƙafa uku, a unguwar Dar Salam, rigimar kasuwa ta kai shi kotu, Baba ya tsaya masa. Ranar zama bai je ba domin mahaifinsa ya rasu da asuba. Baba ya ce shi zai roƙi alƙali, a bar shi sai an share makoki. Ni kuwa na ga dama ta samu, ga taro a wuri guda.

Na same shi cikin rumfar ta'aziyya yana karɓar gaisuwa. Ban yi sallama ba, ban yi wa mamacin addu'a ba. Na danna masa ankwa a gaban 'yan'uwansa.

"Ya zol, bawan Allah, ka ji tsoron Allah," ya ce, "babana aka binne yau."

Na fizge shi zuwa raksha. Ya yi tuntuɓe da igiyar rumfa ya faɗi, na ji wuyan hannunsa ya yi ƙara. Mutanen suka yi kaina, suka miƙa ni ga 'yan sandan gaske. Wanda ya karɓe ni ya juya ankwar a hannunsa ya ce, "Wa ya horar da kai? Ina katinka?" Aka kulle ni.

Na ɗauka shi ke nan, babu mai waiwayata. Washegari sai ga Baba Idirisu yana ɗingishi, ya tsaya mini beli. Ni da na zubar masa da mutuncin da ya yi shekaru yana tarawa. Bai yi mini faɗa ba, ranar kotu kawai ya faɗa mini.

Na gudu. Na haye kogi zuwa Alhilla Kuku, na ɓuya wurin wani abokina mai gasa bulo. Na fi kowa sanin abin da ke samun damin da ya kasa kawo mutuminsa, amma na toshe kunnena.

Wata la'asar ina zaune bayan tarin bulo sai na ji sallama. Usman ne, hannunsa a ɗaure a rataye da wuya. Na miƙe na rarumi guntun bulo, ina duba ko da 'yan sanda ya zo. Shi kaɗai ne. Ya nemi wuri ya zauna a ƙasa, ya tambayi lafiyata, ya tambayi mahaifiyata. Abokina ya kawo shayi, ya sha da hannunsa mai lafiya.

Sannan ya ce, "Alƙali ya sa an tsare Baba sai an kawo ka. A siminti yake kwana da ƙafar nan."

Na ce, "Shi ya aiko ka?"

"La, ba shi ba, ni na roƙe shi. Na je duba shi na ce ya bar ni in nemo ka. Ya ce in yi maka sallama, in zauna, in faɗa maka. Ya ce in ka ƙi, in dawo. Kada in sa maka hannu." Ya ajiye kofin. "Halas, shi ke nan, na faɗa maka."

Ya tashi ya kama hanya, ko waiwaye bai yi ba.

Har yau ina tunawa. Dattijo yana kulle saboda ni, amma abin da ya dame shi kada a wulaƙanta ni. Wanda na karya kuma ya ɗauko saƙon bai ƙara ko kalma ɗaya tasa ba. Na duba bulon da ke hannuna, na ajiye shi, na sa takalmi.

A cikin bas Usman ya zauna gaba, ni a baya kusa da ƙofa. Kowace tasha ina iya dira, amma ƙafata ta ƙi. Da muka hau gada na ga kogi shimfiɗe a ƙasa, sai kuka ya ƙwace mini kamar ƙaramin yaro, fasinjoji suna kallona.

Da aka fito da Baba sai da aka riƙe shi, ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga takalmi. Ya dube ni ya ce, "Ka ga, ɗana? Aikin yana yi."

Aka ɗaure ni kan sojan gona da jikkata mutum. Ina ciki Baba ya rasu, ban samu jana'izarsa ba. Da na fito na koma dakona, na roƙi Allah gafara, na kuma je Dar Salam na durƙusa wa Usman da danginsa.

Ku samari, duk aikin da ba a horar da ku ba, ba a ba ku izininsa ba, kada ku ara ku yafa don a ji tsoronku. In babba ya ce muku ga iyakarku, ku tsaya a nan ko da kun ga kamar tsufa ne. Usman ya yafe mini, amma wuyan hannunsa bai miƙe ba, a karkace ya warke. Duk ranar da muka haɗu, wannan hannun yake miƙo mini mu gaisa.