Ja a Hancin Masara

Duk macen da ta taɓa kai niƙa a Gozaki ta san Tanimu mai inji, wanda ƙurar garin niƙa ta mayar wa gira fara tun bai yi furfura ba. Shekara ashirin yana sana'ar, da wata ɗabi'a mai ba mu haushi: ba ya juye hatsi sai ya cusa hannu har ƙasan kwano, ya ɗebo, ya shinshina. Mukan ce ko surukarsa ce ta kawo, sai ya bincike ta.

Amininsa tun suna yara shi ne Awaisu, mai sayar da hatsi. Bara waccan, bayan shuka ta wuce, Awaisu ya samo ragowar irin masara, wanda ake cuɗawa da jan magani don kada ƙwari su cinye shi a ƙasa. Ba mai sayen iri a tsakiyar damina. Sai ya wanke, aka shanya, ya kawo tiya biyu inji don gwaji.

Tanimu ya ɗaga ƙwaya ɗaya wajen haske. Jikinta fari tas, amma a hancinta, inda take manne da totuwa, akwai ɗan ja.

"Awaisu, wannan ai iri ne," in ji shi.

"Sau uku na wanke shi."

"Ruwa launi yake fitarwa, ban da guba. Ajiye shi baɗi ka shuka."

Awaisu ya yi dariya, ya ce kasuwar Tsiga zai kai sauran buhunan. Sau biyu Tanimu yana bin sa har gida yana roƙo. Da ya ga an fara ɗinke bakin buhu, sai ya tafi ya gaya wa mai unguwa.

Kafin mutanen mai unguwa su iso, babu komai a ɗakin ajiyar Awaisu sai masarar bara. Inda buhunan suka shiga, Allah masani. Nan take gari ya juya wa Tanimu baya. Wasu suka ce hassada ce, wasu suka ce dama mai yawan shinshine-shinshine ba ya rasa munafunci. Ba zan ɓoye ba, har da ni a masu faɗa, kuma bakina ya fi na kowa kaifi. Muka kwashe niƙanmu muka koma injin Sadiq da ke tsallaken hanya. Iya Hajo, mahaifiyar Awaisu, wadda ta ciyar da su biyun a kwano ɗaya, ta tsaya a ƙofar injinsa ta ce daga ranar ba ta san shi ba.

Wata huɗu injinsa ba ya tashi sai jefi-jefi. Bai bi gida-gida yana wanke kansa ba. In an tambaye shi, sai ya ce, "Na ga ja," ya yi shiru. Ni shirun ma ya ƙara mini zargi.

Wata safiya muna layi wajen Sadiq, sai ga Iya Hajo da kwanon masara a ka. Ta wuce mu, ta tsallaka, ta sauke shi a gaban Tanimu. Muka kasa kunne.

"Abokin naka ne ya aiko mini da ita," in ji ta, don ba ta kiran sunan ɗan fari. "Jikokina za su ci. Duba mini."

Ya daɗe yana juya ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiyarta lau, Iya."

Ta sauke ajiyar zuciya. Sannan ta juyo ta dube mu, ba ta rage murya ba.

"Ku daina zagin yaron nan. Waccan masarar, ni na shanya ta da hannuna."

Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga ido. Na sunkuya na zare kwanona daga layi.