Hedimastan da Yake Zuwa Dubiya

Ni da Malam Salihu tare muka tashi a Fagam. Ni na tsaya a aji shida, na koyi ɗinki, daga baya na buɗe shago a Birnin Kudu. Shi ya wuce ya zama malamin firamare. Shekara goma sha tara yana koyarwa a garinmu, sannan aka ba shi hedimasta a wata babbar makaranta a nan cikin gari. Yara sun fi dubu. Malamai ashirin da shida ne a takarda, a aji kuwa da ƙyar a ga rabinsu. An gaya masa a fili: zango biyu, in malaman ba su dawo aji ba, a mayar da shi inda ya fito.

Kafin ya kama aiki aka tura shi Dutse kwas na mako biyu, wanda ake yi wa sababbin shugabannin makarantun gari. Ya dawo da jaka, da littafi mai kauri, da samfurin takardar tuhuma da ake bai wa malamin da ya ƙi zuwa aiki. A shagona ya nuna mini ita.

Na ce, "Ka iya rubutawa?"

Ya ce, "Na iya. Amma Muhammadu, mutum bai zo ba, ai sai a fara jin ko lafiya."

Haka muke a Fagam. In ba a ga mutum a gona ko masallaci ba, ciwo ne ko rasuwa, sai a je gida.

Litinin ta farko Malam Yahuza mai koyar da lissafi bai zo ba. Salihu ya sayi lemo a leda, ni na goya shi a babur don bai san lungunan garin ba. A gida aka ce yana kasuwa. Muka tarar da shi a shagonsa yana ɗora wa mutane buhun taki, ƙalau da shi. Salihu ya ajiye lemon ya durƙusa.

"Malam Yahuza, ya jiki?"

"Ranka ya daɗe, ai dama..."

"Sannu. Ga ciwo ga ɗaukar buhu. Allah ya sa kaffara ne."

Ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, masu sayen taki suka shafa. Wani dattijo ya karɓe buhun daga hannun Yahuza, ya ce ya je ya kwanta.

Washegari ƙarfe bakwai Yahuza yana aji.

Malama Turai a gidan biki muka same ta, tana rabon waina. Ita ma ta sha addu'a, a gaban surukarta. Kafin zango ya ƙare, in aka hangi Salihu da leda a bakin makaranta, sai malamai su fara kiran juna a waya. Na taɓa tambayarsa ko da gangan yake yi. Ya ce lemo dai yana da amfani ga kowa.

Ba a mayar da shi Fagam ba. Shekara bakwai ya yi. Sau ɗaya aka gayyace shi kwas ɗin nan ya yi wa sababbi bayani, ya ce musu su nemi sanin gidan kowane malami, ya zauna. Takardar tuhumar tana cikin jakar har yau, matarsa Hapsatu ta nuna mini.

Bara ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Ranar wata Laraba da hantsi malaman suka zo dubiya gaba ɗayansu, Yahuza a gaba da ledar lemo. Salihu ya buɗe ido ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wa kuka bari a aji?"

Yahuza ya miƙa masa ledar.

"Na gode. Ku ajiye lemon ku koma."

Suka koma. Ni na zauna, don ba ni da aji. Na ɓare masa ɗaya, ya sha rabi.

Ranar Juma'a ya rasu. Abokina Salihu, Allah ya yi maka rahama, ya duba ka yadda ka duba mutane. Na wuce ta makarantar ranar Litinin da ta biyo baya. Kowa yana aji.