Falalu da Jif ɗin Gwangwani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban shimfiɗar Falalu a Kudai, cikin Makka, kusa da inda motoci ke sauke alhazai, ya san shi da hali ɗaya: yana sayar da kaya yana kushe su. Motocin wasan yara ne sana'arsa, irin na sojoji, tankokin yaƙi da jif-jif da manyan motoci masu jan igwa, duk na roba, duk 'yan China. Alhaji zai ɗauki ɗaya don tsarabar jika, ya danna maɓalli ta kunna fitila ta yi ƙarar harbi, ya washe baki. Sai Falalu ya ce, "Saya dai, Alhaji, amma kada ka ce ban gaya maka ba. In ta kai Jidda da ƙafafunta huɗu, ka yi sadaka." A yi dariya, a saya. Mutane sun ɗauka raha ce, shi kuwa har zuciyarsa yake faɗa.

In tsautsayi ya sa ka ja shi da magana, to ka shirya tsayuwa. Zai sa hannu a aljihu ya fito da wata ƙaramar jif ta gwangwani, koriya, fentin ya goge a gefuna, da soja ɗaya zaune a gaban sitiyari. Ya murɗa mabuɗin da ke gefenta sau shida, ya ajiye ta a ƙasa. Sai ta tashi da ƙarar sifirin, ta zagaya, ta dawo daidai gaban yatsun ƙafarsa ta tsaya.

"Ka gani?" in ji shi. "Shekara hamsin da biyar, ba ta taɓa neman batir ba. In ta lalace, a buɗe a gyara. Waɗannan kuwa da gam aka liƙe su, ko sukuru ɗaya babu, in ka buɗe ka fasa. Su miƙe sambal sai sun daki bango. Sojansu ma cirewa ake yi, kwana biyu yaro ya ɓatar da shi, mota ta zauna ba direba. Nawa sojan tun da aka ɗora shi bai sauka ba."

Ubansa Ja'afaru ne ya saya masa ita yana ɗan shekara bakwai, a wata kasuwa kusa da Harami wadda yanzu ko wurinta ba a ganewa. Ja'afaru da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa, ta Sudan, shekara huɗu yana tafiya yana noma a hanya. Da ya sauke farali bai koma ba, ya zauna a unguwar Misfala yana kai ruwa gidaje da gwangwanaye biyu a kafaɗa. A can kan dutse aka haifi Falalu, a ɗaki, a hannun wata tsohuwa unguwarzoma. Ba asibiti, ba takarda. In aka ce wa Ja'afaru ya je ya nemi takardun zama, sai ya nuna wajen Ka'aba da haɓa ya ce, "Maƙwabcin Ɗakin Allah wa zai tambaye shi takarda?" Ya rasu da wannan yaƙini, Allah ya jiƙansa, ya bar wa ɗansa shi gado tare da jif.

Shi ma Falalu, a faɗi gaskiya, ya yi sakaci. Sau biyu ana buɗe ƙofar gyara takardu yana cewa gobe. Matarsa Ɗaso tana da iƙama, wato takardar izinin zama, don nata uban ya yi wa iyalinsa tun da wuri, kuma ta yi masa magana har bakinta ya gaji. Allah bai ba su haihuwa ba, ga shi kullum cikin kayan wasan yara. Aka rushe unguwarsu don faɗaɗa gari, suka koma ɗaki biyu a Ka'akiyya. Maƙwabtan da suka san ranar sunansa suka watsu, wasu suka mutu.

Sai shekarar 2013 ta zo. Aka ba da wa'adi: duk baƙon da takardunsa ba su cika ba ya gyara, ko ya fita daga ƙasar. Falalu ya daɗe bai gane da shi ake ba. Baƙo? Shi da bai taɓa kwana bakwai a jere a wajen Makka ba?

Ɗaso ce ta tura shi wurin Mukhtaru, ɗan wata ƙawarta, wanda aikinsa ke nan bin ofisoshi yana fitar wa mutane takardu. Mukhtaru ya saurare shi da ladabi, sannan ya ce, "Ya ammi, kawuna, ka kawo mini duk abin da zai nuna tun da can kana nan. Takardar haihuwa, ta makaranta, ta asibiti, ayyi shai, ko mene ne."

Falalu ya koma gida ya zazzage akwati. Babu komai. Allo ya yi, ba boko ba. Da safe ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya goge jif ɗin da tsumma, ya naɗe ta a hankici, ya tafi. A gaban Mukhtaru ya warware ta ya ɗora a tebur, da natsuwar wanda ya kawo hujjar da ba ta da ja.

"Wannan tun kafin a haife ka aka daina kawo irinta," ya ce. "A Makka aka saye ta, ni aka saya wa. Duk mai hankali ya gan ta ya san ba bara na zo ba."

Mukhtaru bai yi dariya ba, kuma da ma ya yi, da ya fi sauƙi. Ya ɗauki jif ɗin a hankali, ya kifa ta, ya karanta ɗan rubutun da aka buga a cikinta.

"Japan," ya ce. "Ya ammi, wannan ta nuna inda aka yi ta ne. Ba ta ce komai a kanka ba."

Shekara hamsin da biyar Falalu yana ganin wannan rubutu, ya ɗauka ado ne. Ya karɓi motar ya zura wa wurin ido.

"Na robar ma suna da shi?"

"Kullu, dukansu. Kowace da sunan ƙasarta a ƙasanta."

Falalu ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, kunyar dattijon da ya shiga ofis da kayan wasa. Ashe tankokin da yake zagi kullum, masu karyewa kafin Jidda, kowace ta shigo ƙasar da shaidarta. Ya naɗe jif ɗinsa ya yi godiya ya fita.

Wa'adi ya cika, aka fara bincike a tituna. Falalu ya naɗe shimfiɗa ya zauna a ɗaki. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Harami: yana jin kiran salla, yana tsoron hawa mota ya je. Kwalin motocin roba yana lungu, batiran da ke cikinsu suka zubar da ruwa suka ci wayoyin. Wata biyu ya yi haka, ya rame, ya daina ko kushe su. Rannan ya ce wa Ɗaso ya gaji da ɓuya a garin da aka binne uwarsa da ubansa. Ya aika wa Mukhtaru a nema masa takardar fita.

Da aka zo cike ta, aka tambaye shi garinsu a Najeriya. Ya faɗi sunan ƙauyen da ya riƙa ji a bakin Ja'afaru. Babu wanda ya taɓa jin sa. Aka rubuta Kano.

Ɗaso ba za ta bi shi yanzu ba. Ciwon sukari ya ci ƙarfinta, nan take karɓar magani, kuma can ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Suka ce sai ya zauna tukuna ya aiko. Dukansu sun san magana ce kawai.

Ranar tafiya da hantsi tana haɗa masa jaka, riguna uku da carbi da dabino. Ta ɗauko jif ɗin ta tura tsakanin rigunan. Falalu ya sa hannu ya ciro ta. Ya murɗa mabuɗin sau shida ya ajiye a kan tabarma. Ta zagaya, ta dawo gaban ƙafarsa ta tsaya, sojan yana riƙe da sitiyari.

"Malam, ka tafi da abarka mana," in ji Ɗaso. "Ita kaɗai ce ta Baba."

Ya ɗauke ta ya ɗora a kan taga, ya juya gabanta wajen Harami.

"Bar ta a gida," ya ce. "Ita babu mai korarta."