Hancin Hajiya Falmata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tsakar shanya itacen turare aka bugo mini waya: Hajiya Falmata ta rasu. Har yanzu jikina a sanyaye yake.

Ita ta koya mini haɗa humra da turaren wuta a gidanta, nan Azare. Ga faɗa, ga kyauta. Za ta wanke ki tas don kin cika miski, kafin ki kai zaure ta biyo ki da kwanon dambu.

Hancinta kuwa, daga bakin ƙofa take gane abin da kika manta ba ki zuba a kwalba ba.

Shekarar da wayar salula ta shigo gari, muna suyar turaren wata amarya sukari ya ƙone a kasko. Duk muna tari, ita tana dab da murhu tana hirarta. Ba ta ji ƙauri ba.

Nan take mata suka yanke hukunci: mai harka da ƙamshi, ai mutanen ɓoye ne suka shafe ta. Aka shiga yi mata hayaƙi safe da yamma. Mai turare ake turarawa, ga dariya ga ban tausayi.

Sai bayan shekaru, da hannunta ya fara rawa tana jan ƙafa, aka kai ta asibiti. Likita ya ce Parkinson ne, ciwon karkarwa. Ya tambaye ta yaushe ta daina jin ƙamshi, kuma ko akwai mai irinsa a dangi. Ashe mahaifinta a Katagum haka ya yi ta rawar hannu har ya bar su, ana cewa tsufa ne. Likitan ya ce ba kowane rashin jin ƙamshi ne wannan ciwon ba, amma mai irin wannan dangi gara a fara duba shi da wuri.

Ganinmu na ƙarshe ina ba ta kunu a cokali. Ta riƙe mini hannu, muryarta can ƙasa:

"'Yar nan, Yagana ta daina jin daddawa a miya. Na yi na yi ta je asibiti, tsoro take ji. Ke tana jin maganarki. Kada ku tsaya hayaƙi."

Yagana ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Na yi mata maganar, ta ce in bar ta.

Ɗazu a gidan makoki Yagana ta jawo ni gefe, idonta jawur. "Bayan sadakar uku ki zo ki raka ni asibiti mu yanki kati."

Sai a lokacin kuka ya ƙwace mini.

Allah ya jiƙanki Hajiya, ya sa jinyar nan ta zama kaffara, ya haskaka kabarinki. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ya haɗa da Yagana, Allah ya sa mu dawo da labari mai daɗi.