Maraƙin Ciyawa

Ranar wata Laraba ce a farkon damina, shekarar da haƙorana na gaba suka zube, maraƙin Wule ya mutu. Wule ita ce saniyar da ta fi kowace nono a garken Kaka, mahaifiyar Innata, a wata ruga can bayan Panda. Gudawa ce ta kama maraƙin, kafin jiƙon da Kawu Sale ya ɗura masa ya yi aiki, har ya miƙe ƙafafu a gindin igiyar maruƙa. Da yamma Kaka ta tsuguna da ƙwarya, ta ja, ta sake ja, ko ɗigo bai fito ba. Hantsar ta cika tam, amma Wule ta riƙe abinta, domin saniyarmu ba ta sakin nono sai ta ji ɗanta a kusa da hancinta. Ta tsaya tana kuka tana waiwayen wurin da ake ɗaure shi, ni kuma ina tsaye da ƙaramin ludayina ina jiran kumfar da aka saba ɗibar mini.

Kawu Sale, ƙanin Innata, mutum ne marar yawan magana. Ya ja gawar maraƙin bayan bukka ya feɗe ta a hankali, bai ɓata kunne ko wutsiya ba. Ya goge cikin fatar da toka, ya shanya ta a inuwa, da ta sha iska sai ya cusa mata busasshiyar ciyawa ya ɗinke da zaren rama, ya kafa mata sanduna huɗu a madadin ƙafafu. Abin ya fito a karkace, ciki ya kumbura ta gefe ɗaya, idanu ramuka ne kawai. Ya barbaɗa masa kanwa a gadon baya, ya kai shi gaban Wule ya ajiye. Ta sunsuna, ta ja da baya, ta sake sunsunawa, sai ta miƙa harshe ta fara lasa tun daga wuya har wutsiya, tana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Kaka ta taɓa hantsar, nono ya zubo yana buga ƙwarya. Na yi dariya har da faɗuwa a laka. Kawu ya share hannunsa a jikin riga ya ce, "Da haka muka fi su, Dije, ba da ƙarfi ba."

A lokacin ni baƙuwa ce a rugar. Tun ƙarshen rani cikin Innata ya tsufa, ƙafafunta suka kumbura, aka ɗauke ta zuwa Keffi gidan wata Goggonmu a unguwar Yara don ta kusanci asibiti, ni kuma aka kawo ni wurin Kaka. Ba a daɗe ba wani mai babur ya zo da sassafe, Kaka da Kawu suka bi shi a gurguje, suka bar ni a hannun maƙwabta. Da suka dawo bayan 'yan kwanaki idanun Kaka sun yi ja, ta ce hayaƙin gawayin birni ne. Na tambayi Inna, ta ce tana nan tana jinya, jikin da sauƙi. Sai na ƙi cin abinci. Tuwo in ture, fura in kau da kai, na ce ba zan ci ba sai Inna ta zo, har wuyana ya fara tsawo. Rannan Kaka ta kwance ƙullin kayan da ta dawo da shi, ta zaro zanen Inna shuɗi mai zanen ganye, wanda take goyo na da shi ina ƙarama. Ƙamshinta na nan a jiki, man shanu da hayaƙi da ɗan turaren da take so. "Innarki ta ce ki riƙe mata wannan, ki kuma ci abinci, in ba haka ba ba za ta dawo ba." A ranar na cinye tuwona har na lashe kwano.

Daga nan duk ranar da Kaka ta kai tallan nono Keffi, sai ta dawo mini da saƙo, yau alewa, gobe ƙuli-ƙuli, wata rana 'yan kunne na roba, kowanne da cewa Inna ce ta bayar. Babana ma da ya zo daga wurin babban garke, ya dafa kaina ya ce Inna tana gaishe ni, idonsa na kan shanu. Ni kuwa na duƙufa tara abin da zan nuna mata. Na koyi kaɗa nono a gora har mai ya taru, na koyi wanke ƙwarya da yashi, na iya ɗauko ruwa daga rafi ba tare da ya jiƙa mini baya ba. A makarantarmu ta gindin mangwaro na fi kowa iya 'yar carafke, na kuma cika wa ƙawayena baki cewa Innata za ta zo da jariri ɗan birni mai takalmi. Wasu cikinsu sukan kalli juna, ni na ɗauka hassada ce. Aikin da na fi so shi ne na maraƙin ciyawa. Safe da yamma ni ke sungumo shi daga rumfa, zanen Inna a yafe a kafaɗata, in barbaɗa kanwa, in kai wa Wule, ina tsokanarta: ga ɗanki nan, sakarya, lashe shi ki ba mu nono.

Sai da gero ya fara fitar da kai na ci ƙarfin Kaka da naci. Ta gaji ta ce in biyo ta Keffi, amma asibiti ba a barin yara, talla kawai za mu yi mu dawo. Na amince a baki, a raina kuwa na ƙudura ko ta taga sai na leƙa. Na ɗaura zanen Inna, ninki biyu don ya yi mini yawa, na ƙulle ɗan curin man shanun da na kaɗa da hannuna a cikin ganye. Muka hau motar kasuwa, ƙwarya a cinyar Kaka. A ranar ta canza hanya, ta kauce wa unguwar Yara, muka gangara unguwar Gangaren Tudu gida-gida. A wani gida mai bishiyar gwaiba wata dattijuwa ta fito da kwanonta, ta dube ni, ta dubi zanen, ta kama haɓa.

"Iya, wannan ba 'yar marigayiya ba ce? Allah sarki, har da zanen uwar. Allah Ya jiƙan Habi, Ya sa ita da jaririn suna Aljanna."

Habi sunan Innata ne. Na juya na kalli Kaka don ta ce wa matar ta yi kuskure. Kaka ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da zuba nono a kwanon, ta ce, "Amin."

Ban yi kuka a gidan ba, ban yi a mota ba. Man shanun ya narke a tafin hannuna ya ɓata zanen, ban ma lura ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne alewar nan, da gaisuwar Baba, da kallon junan da ƙawayena suke yi. Ashe kowa ya sani, har yaran da nake cinyewa a carafke. Kowa ya yi kukansa a kan lokaci, an yi addu'a, an share hawaye, ni kaɗai aka bari ina tsalle ina lissafin ranar dawowa. Da muka sauka muka kama 'yar hanyar ruga ta cikin gonakin doya, Kaka ta tsaya ta sauke ƙwarya. "Dije, 'yata na binne. Kina so in binne ki ke ma? Kin ƙi ci, me zan yi?" Na san gaskiya ta faɗa, kuma na san don ni ta yi. Duk da haka tun daga ranar ban sake karɓar komai daga hannunta ba sai na juya shi na duba.

Washegari da safe Kawu ya ce in ɗauko maraƙin, na ce ba zan ɗauko ba, bai kuma matsa mini ba. Shi ya kai shi. Na zauna a kan turmi ina kallon Wule. Fatar ta riga ta ƙoƙe, gashin bayan ya zube saboda lasa, ciyawa na leƙowa ta ɗinkin, amma ta sunkuya ta lashe shi kamar kullum, nono kuma ya zubo. Ban yi dariya ba. Na je na tsaya kusa da wuyanta, ta juyo ta sunsuni zanen da ke kafaɗata, sannan ta koma kan abinta.

Yau ina koyarwa a wata firamare a Gangaren Tudu, ba nisa da gidan mai gwaibar nan. Rugar Kaka ta zama gonar wani, su Kaka da Kawu duk sun riga mu gidan gaskiya, jikokin garken kuma yanzu allura ake yi musu in nono ya ƙi zuwa. Kwanan baya muna darasin dabbobi na tambayi 'yan ajina abin da ya sa ɗan Adam ya mallaki saniya da doki da raƙumi, alhali duk sun fi shi ƙarfi. Wani ya ce ƙwaƙwalwa, wata ta ce wuta, wani ɗan ƙiriniya a baya ya ce bindiga. Na ce duk sun yi ƙoƙari, na rubuta musu amsar littafi a allo. Tawa amsar ban faɗa musu ba, don sun yi ƙanƙanta. Kura ma tana laɓewa ta yaudari akuya, amma mu kaɗai ne muke gano abin da halitta ta fi ƙauna, mu cusa masa ciyawa, mu ajiye mata a gaba don ta ci gaba da ba mu abin da muke so. Muna yi wa dabba, muna yi wa namu, wani lokaci ma da hawaye a idonmu.

Zanen yana nan a ƙasan akwatina, da tabon man shanun a gefensa. Ƙamshin ya daɗe da tafiya, na kuma san babu kowa a cikinsa. Amma har yau in na buɗe akwatin, sai na kai shi hancina.