Tafiyarmu Yola Neman Akwatin Zaɓen Tudun Ɓaure

Talata: daga gida zuwa Jimeta

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka bar Tudun Ɓaure a kan babura biyu, ni da Dada Jummai. Dada ce shugabar ƙungiyarmu ta mata masu ƙuli-ƙuli, ni kuwa sakatariya, don na taɓa koyarwa a firamare kuma rubutuna yana karantuwa.

Ga abin da ya tashe mu. Tun shekarar da 'yan bindiga suka kore mu daga gari aka mayar da akwatin zaɓenmu cikin Gombi. Mun dawo, mun yi sabuwar jinka, mun koma gona, amma akwati bai dawo ba. Ranar zaɓe ba a barin abin hawa ya fita, ga tafiyar kilomita goma sha ɗaya, sai tsofaffi da masu goyo su haƙura. Tun da ƙuri'armu ta ragu kuwa 'yan siyasa suka manta hanyar garinmu, har burtsatsenmu ya shekara biyu a lalace.

Shida da rabi muka tashi daga tashar Gombi a motar wani Bappa Hammadu, mu huɗu a kujerar baya. A shinge na biyu soja ya ce kowa ya nuna shaida. Dada ta kwance bakin zaninta ta miƙa masa katin zaɓe.

"Mama, ina zuwa?"

"Yola, karɓo akwati."

"Na aure?"

"Ɗana, in ka ga mai so ka turo shi."

Har muka isa Song ana dariya. Nan muka sha fura da nono mai sanyi a tsaye, direba yana ta danna mana ham. Muka wuce Girei, tara da rabi muka hau gadar Binuwai. Dada ta rufe ido da gyale, ta ce in mun tsallake a faɗa mata.

Keke muka hau kai tsaye zuwa ofishin masu kula da zaɓe. Magatakarda ya karɓi wasiƙarmu da fara'a, ya buga mata hatimi, ya ɗora ta kan wasu. Na dubi tulin, ya kusa kai masa haɓa. Dada ta ce, "Yaushe za mu ji?" Ya ce, "Hajiya, bi da bi ne."

A Damilu muka sauka, gidan yayata Adda Hauwa. Ta yi mana tuwon masara da miyar kuɓewa da kifi, amma zafin Jimeta da tunanin tulin nan suka hana ni ci sosai. Da la'asar maƙwabciyarta Madam Ngozi ta shigo. Atamfa take sayarwa a kasuwar Jimeta, ita ce kuma shugabar matan layinsu. Ta ji labarinmu ta tafa hannu.

"Ku biyu kawai? Abeg! Takarda ba shi da ƙafa, sai an ba shi. Lokacin da aka so a tashe mu daga layinmu, mu tamanin ya je. Gobe ku shirya."

Laraba: Njuwa da Damare

Bakwai na safe Madam Ngozi ta rufe shagonta saboda mu, ta sa mu a keke zuwa bakin tafkin Njuwa. Can muka tarar da mata masu ƙyafa kifi, hayaƙi yana shiga ido. Shugabarsu ta saurare mu tana juya kifi, sannan ta ce, "Mu me za mu samu?" Dada ta ce, "Ranar da taku ta taso, ku aiko. Mu ma muna da ƙafa." Matar ta yi murmushi ta ce, "To, jam, lafiya lau. Mutum goma."

Da azahar muka tsallaka Damare. Nan muka yi zaman gudun hijira kusan shekara biyu. Matan da muka yi ƙwadagon cirar alayyafo tare suka gane mu, aka yi ta rungume-rungume. Ba su bari mun gama bayani ba suka ce za su zo. Suka cika mana leda da yalo, muka ci a hanya.

Alhamis: rediyo da ofis

Wani ɗan jarida, mai sayen atamfar matarsa wurin Madam Ngozi, ya ba mu minti biyar a shirin safe. Na kwana biyu ina tsara jawabi, amma da aka kunna jar fitila sai duk jawabin ya ɓace mini. Dada ta jawo makirfon gabanta.

"Sunana Jummai. Na gudu da ƙafata, na dawo da ƙafata. Yanzu ƙafar ta gaji. Ba shinkafa muke roƙo ba, ba atamfa ba. A kawo mana akwatinmu inda muke."

Tana gamawa sai wayoyin masu sauraro suka fara shigowa.

Goma daidai muka hallara ƙofar ofis, mu talatin da ɗaya. Madam Ngozi ta ce ba ihu, ba zagi, ba tare hanya. Muka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dalbejiya muka zauna. Goma sha ɗaya da kwata wani babban jami'i ya fito da kansa, wasiƙarmu a hannunsa. Ya ce ya ji Dada a rediyon mota yana tahowa. Ya yi mana bayani dalla-dalla: ba a soke rumfarmu ba, tana nan a rajista, tsaro ne ya sa aka matsar da ita. Ana bukatar takardar mai gari, da ta jami'an tsaro, sannan a turo mutum ya ga makarantar da za a ajiye akwatin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, aji ɗaya ne kawai ke da rufi."

Ya ce, "Malama, aji ɗaya ya isa, in yana da ƙofa."

Ba shi da ƙofa. Ni da Dada muka kalli juna.

Juma'a: komawa

Shida na safe muka bar tashar Jimeta, goma da rabi muna gida. Kafin mu sauke jaka mata sun cika tsakar gidan Dada, ashe duk sun ji ta a rediyo. Na karanta musu sharuɗɗan. Da na zo kan maganar ƙofa, mijin wata, kafinta, ya ce a bar masa. Washegari ya cire ƙyauren shagonsa ya kafa a ajin. Mai gari ya sa hannu ranar Lahadi, takardar tsaro ce ta ci mana mako uku da zuwa Gombi sau huɗu, sannan aka turo mutum ya ga ajin.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Useko, wato na gode, Adda Hauwa, useko Madam Ngozi, da matan Njuwa da na Damare da suka bar sana'arsu suka zauna a ƙofar ofis saboda garin da wasunsu ba su taɓa gani ba.

Ranar zaɓe akwati ya iso da hantsi a bayan motar jami'ai. Dada ce ta fara dangwalawa, bayanta wata tsohuwa da jikokinta suka turo a baro. Da yamma aka zazzage ƙuri'u a kan tebur. Wanda ni da Dada muka zaɓa ya sha ƙasa, da rata mai yawa ma. Na ce, "Dada, duk wannan wahala, ga shi namu ya faɗi." Ta kakkaɓe zaninta ta miƙe.

"Ya faɗi, Malama. Amma a gabana aka ƙirga."