Baba Ozi na Glenwood

Shekarar da na gama digiri ina zaman jiran aiki a unguwar Glenwood, maƙwabcina wani tsoho ne ɗan Ostareliya, mai gyaran kekunan ɗalibai a barandarsa. Da yamma yakan yafito ni da hannu, in riƙe masa keke yana ɗaure sarƙa.

Tun ranar farko ya ce in kira shi Ozi, haka duk layin ke kiransa. Na ce to, Yallaɓai.

Sunan ya tsaya mini a rai. Na ji tsoron ko irin sunan nan ne da ake laƙaba wa baƙo don raini. Har laburare na je na duba. Iya abin da na fahimta, kuma ba zan rantse ba, sunan ƙasarsu suka gutsure suka yi masa wutsiya, kamar yadda suke yi wa kusan komai. An ce a bakin sojojinsu ya bazu lokacin yaƙin duniya na farko. Su da kansu suke faɗarsa, da alfahari.

Duk da haka bakina ya ƙi. Mutum sa'an kakana, furfura har gira, in kira shi gatsal?

"Yallaɓai kuma?" ya ce wata rana. "A garinmu ɗan sanda ake ce wa haka, ko wanda ba ka so ya zauna."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Daga nan ya daina yafito ni. Sai in wuce da jakata in ga keken a jingine da bango.

Na kai kuka wurin wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da nake cin wake da shinkafa a gidanta.

"Kai dai da digirinka!" ta ce. "Sunan ne ba hula ya dame ka? Sa masa hula mana. Ka ce Baba."

Washegari na tsaya a bakin matakalar barandarsa, na maimaita a zuci, sannan na ce, "Baba Ozi, barka da yamma."

Ya tambayi ma'anar Baba, na gaya masa. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Ya yi tsawo," ya ce. "Amma zan ɗauka. Zo riƙe nan."

Yanzu na koma ta wajen unguwar Sedgefield, da mota nake zuwa aiki, ba wanda ke kirana daga baranda. Na ji an ce ya koma gida wurin 'yarsa. Ina fata haka ne.